Katin da Ba a Aika Ba

A ƙasan adakar Kaka Kyauta,
ƙarƙashin zanen saƙi da ƙullin kanwa,
na tsinci dutsen Godogodo
ya ƙanƙance, bai wuce tafin hannu ba.

Kati ne irin na gidan waya.
Launinsa ya koma na shayin da ya kwana a kofi.
Gara ta ci kusurwa guda, ta haɗa da rabin gajimare,
ta ji sama ba gishiri, ta bar saura.

Ga dutsen ya kishingiɗa kamar bijimin da ya ƙoshi,
gidan Bature a dozonsa, rufin kwano na ƙyalli.
Ga bukkokin bariki a jere, haƙoran mataji.
Ga ramin kuza, ruwa kwance a cikinsa
fari fat, sai ka ce nono aka juye.
Mai hoton ya iya zaɓen safiya.
Babu ƙuda a katin, babu tari,
babu muryar heluma tana tsaga hantsi.
A ƙasa, layi ɗaya na Turanci
wai wuri ne mai kyan gani.
Ban musa ba.

Amma dubi gefen hagu, inda hoton ya yanke:
ƙafa guda, daga gwiwa zuwa dunduniya,
laka ta sa mata safa,
sai leɓen kwanon ɗibar ƙasa.

Kaka ta ce ta Jatau ce.
An ce da lebura su matsa, suna tare dutse.
Kowa ya matsa.
Shi kuwa ƙaya ta riƙe shi, ya makara da taku ɗaya.
Na ce, Kaka, ƙafa ai ƙafa ce.
Ta ce, wadda ta shekara talatin
tana shafe faso da man kaɗanya
ba a yi mata gardamar dunduniya.

Taro ya ba da a kantin kamfani,
kuɗin tuwon kwana biyu,
ya kai wa Yashim akawu ya rubuta wa gyatumarsa a Kudan.
Akawu ya sa suna, ya sa gari, ya manna kan sarki,
ya ɗaga alƙalami: me za a ce mata?
Jatau ya dubi dutsen takarda,
ya leƙa waje ya dubi na gaske,
ya tuna Barmani da gaɓar rami ta rufta wa ranar Laraba,
har yau ba a tono hularsa ba.
Yana nan tsaye aka buga ƙarfen komawa aiki.

Bayan katin na nan fari.
Kan sarkin bai taɓa shan hatimi ba.

Bara na je, da kaka, bayan an tone citta.
Ɗan acaɓa ya sauke ni inda kwalta ta gaji.
Gidan kan dutse ba rufi,
ƙadangaru ne manajoji,
mangwaron da aka dasa don inuwar mutum ɗaya
yanzu na yaran gari ne.
Ramin ya zama tafki, kore shar, shiru,
mata na wanki a bakinsa,
injin ban ruwa na tsotsarsa zuwa tumatir.
Can gaba samari uku da shebur
suna tankaɗe abin da kamfani ya raina,
suna aunawa da gwangwanin madara.

Na ɗaga katin na daidaita shi da dutsen.
Shi kam bai rame ba.
Na ja baya, na karkata hagu,
har na taka inda ƙafar ta taka,
ko kusa da nan, wa ya sani.

Na miƙa wa wani yaro wayata,
na ce, ɗauke ni duka, daga hula har takalmi.
Ya ce, Baba, in ka fito duka, kan dutsen zai yanke.

Na ce, yanke shi.